Sunan da Ake Kira ta Bayan Danga

Ɗana na fari sunan kakansa aka sa masa, mahaifin maigidana, wanda ya rasu ina da tsohon ciki. Ba zan rubuta sunan a nan ba. Hannuna ma kunyarsa yake ji, kamar bakina.

A wajenmu mace ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke fara ɗaga shi ba. Haka na tarar, haka na yi. Ni "kai" nake ce masa, ko "yaron nan". Ubansa kuwa ba zai iya faɗin sunan mahaifinsa ba, sai ya ce "Babana". Surukata, wadda muke ce wa Inna, sunan mijinta ne, ita ma ba ta faɗa. "Maigidana" take ce masa, tana tsokanarsa wai har yanzu bai kawo cefane ba. To ka ji yaro da suna mai kyau, an yanka rago a kansa, amma tun ranar da liman ya raɗa masa shi babu wanda ya ƙara kiransa da shi a gidan. Ni dai a zuciyata da shi nake kiransa, safe da yamma. A nan babu mai ji.

Muna zaune ne a wani ɗan ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Shekarun nan ne bayan an canza kuɗi, bayan farin da ya kashe shanu, lokacin da aikin ruwa ya iso mana. Katafila ta zo ta tuge ɗorawa da kuka, ta baje gonaki suka koma shimfiɗa guda kamar faifai, aka yanka hanyoyin ruwa manya da ƙanana. Babbar, mai siminti, kanal ake ce mata. Ƙananan su ke ratsa gonaki. Ɗaya daga cikinsu ta biyo ta bayan gidanmu, filin tumatir ne kawai tsakaninmu da ita, ta je ta shige ƙarƙashin hanyar mota ta cikin kwalbati, ta ɓulla ta wancan gefen.

Maza sun yi murna. Alkama a tudu, da rani, wa ya taɓa gani? Ni kuwa tun da na ɗora ido a kan ruwan nan hankalina bai sake kwanciya ba. Mu mutanen rijiya ne. Ruwan da na sani yana can ƙasa a zaune, sai ka jefa guga ka jawo shi. Wannan da ƙafarsa yake tafiya, ba hadari ba gajimare. Ya kawo mana sauro har cikin sanyi, ya kawo zazzaɓi, yaran da ke wanka a kanal suka fara fitsarin jini. In na yi magana sai maigida ya ce, "Ke dai kin cika fargaba. Da ruwan nan za ki ci tuwo bana."

Tare da aikin baƙi suka zo. Wani direban tarakta ya kama ɗakunan da ke jikin gidanmu, dangar kara ce kawai ta raba mu. Mutanen kan dutse ne, daga can wajen Jos, Kiristoci. Matarsa doguwa ce mai dariya da ƙarfi, 'yarsu ɗaya, sa'ar ɗana, dukansu ba su daɗe da iya gudu ba.

Washegarin zuwansu ina daka, Inna tana alwala a gindin randa, sai matar nan ta buɗe baki ta ƙwala kiran sunan. Sunan nan dai. Ɓaro-ɓaro, har da jan ƙarshensa. Taɓarya ta kusa kuɓuce mini.

Inna ta dire buta. "Wace mara kunya ce wannan? Wa ya ba ta sunan Malam?"

Kafin in ce wani abu sai muka ji wata 'yar siririyar murya ta amsa, "Na'am, Mama!"

Inna ta leƙa ta ramin danga, ta daɗe tana leƙe, ta juyo tana riƙe da haɓa. "Mace ce. Sunan Malam a kan mace, har da kitso. Yau na ga abin da ya ishe ni."

Da muka saba da matar, muka fara miƙa wa juna gishiri da garwashi ta saman danga, sai ran nan na yi ƙarfin hali na tambaye ta.

"Maƙwabciya, sunan nan da kike kira, ina kuka samo shi?"

"Wane suna?"

"Wanda kike kira mana."

"To faɗa in ji."

"Ba na iyawa."

Na yi mata bayani, ta yi dariya har da dafa danga. Ta ce ita ba ta taɓa jin uwar da ke ɓoye wa ɗanta sunansa ba, sai ka ce kayan sata. Da dariyar ta lafa sai ta ce nasu ba daga Musulmi suka aro ba, yarensu ne tun kakanni. Ma'anarsa kamar a ce "an amsa mini". Ta daɗe da aure ba haihuwa, dangin miji har sun fara maganganu, sannan yarinyar ta zo. Shi ya sa take kiran sunan da ƙarfi, in ji ta, don wanda bai ji ba ya ji.

Ta yi makarantar mishan, ni kuma na ɗan zauna ajin yaƙi da jahilci kafin aure, ina iya haɗa baƙi in ba a gaggauta ni ba. Ta tsuguna wajen ramin danga ta ɗauki tsinke ta rubuta sunan 'yarta a ƙasa. Ta ce, "Naku fa, yaya ake rubuta shi?" Na duba. Haka malamin asibiti ya rubuta wa ɗana ranar da aka kai shi lambar rigakafi, babu harafin da ya bambanta. Na ce, "Shi ne wannan." Na tsaya ina kallonsa a ƙasa, kaji suna zagaye shi. Da na ji motsin Inna sai na sa ƙafa na share.

Akwai wata Bafulatana da ke kawo mana nono daga rugar da ke hanyar Madobi. Ran nan ta sauke ƙwarya tana auna wa Inna, sai kiran ya taso daga bayan danga. Ta ɗaga kai. "Wa ke kiran saniya a cikin gida?"

"Wace saniya?" in ji Inna.

Ta ce su a Fillanci kusan haka suke kiran saniya mai wani irin launi, babanta ma yana da ita, mai tsallake shinge.

"Madalla," in ji Inna. "Jiya Malam ya zama mace, yau ya zama saniya. Gobe kuma sai a ce tarakta ne. Ɗauki nononki, ya yi ruwa."

"Haba Inna, ni na raɗa wa saniyar?" in ji Bafulatanar.

Abin ya tsaya wa Inna a rai har ta tura maigida wajen liman. Ya dawo ya ce liman ya ce namu Larabci ne, yana cikin littattafai, nasu kuma daga duwatsunsu ya gangaro, na Fulani daga garke. A baki kawai suka haɗu, ba su haɗa kaka ba, kamar mutanen da mota ɗaya ta kwaso daga Garun Malam, kowa da inda ya fito. Don haka babu laifi a kan kowa. Inna ta ce to, tunda malamai sun faɗa. Amma duk sanda kiran ya taso sai na ga ta gyara mayafi, kamar mijin ne ya yi sallama.

Yaran biyu kuwa suka shaƙu. Ta ramin danga suke shige da fice, har ramin ya zama ƙofa. Shi yana cin gwaten acca a can, ita tana cin ɗumame a nan. Kuma a gidanmu babu wanda ya kai ɗana kiran sunan nan. Da ya farka zai je bakin danga ya ƙwala shi, yana neman abokiyar wasansa. Sunansa yake kira bai sani ba. Nakan tsaya da tsintsiya a hannu ina saurare, ina jin daɗi, ina kuma jin tsoro.

Na taɓa ce wa maigida, "Maigida, yaron nan fa bai san sunansa ba. Ya ɗauka na yarinyar ne."

Ya ce, "In ya shiga makarantar allo zai sani. Ni ma sai da na girma na san nawa. Ke komai sai kin samo abin tsoro a ciki."

Ruwan nan da rana yake zuwa, kowace hanya da ranarta. Akwai mai buɗe ƙofar ruwa, yana yawo a keke da wani ƙarfe a kafaɗa, shi ke murɗa wa wannan ya rufe wa wancan. Ranarmu sananniya ce, har yara sun san ta. In ta zo nakan ɗaure ƙyauren gida da igiya, in toshe ramin danga da turmi, yaron ya yi ta kuka ban kula ba. Sauran ranaku hanyar a bushe take. Ƙasanta yashi ne mai laushi, a bakin kwalbatin kuma akwai inuwa da ɗan ruwan da ya kwanta, da 'yan kifaye kamar tsinke waɗanda ruwa ya tafi ya bari. Nan yara suke so.

Ni ko a bushe ban yarda da ita ba. Amma in na hana shi sai Inna ta ce, "Ki sakar mini miji ya sha iska. Mayar da shi ciki za ki yi?" Matan unguwa kuma su yi ta ƙus-ƙus, wai an ga mai rawar kai a kan ɗan fari. Sai in sake shi, in riƙa neman dalilin da zai kai ni bayan gida.

A shekarar zafi ya sauko da wuri, alkama tana tsakiyar cika ido. Ganye ya fara naɗewa. Maza suka taru suka je suka roƙi mai buɗe ruwa ya taimaka ya sako musu kafin ranarsu, ya ji tausayinsu ya yarda. Maigidana yana cikin waɗanda suka je. Babu wanda ya faɗa a cikin gida. Ba ɓoyewa suka yi ba, maganar ruwa maganar maza ce, a gona ake yin ta a gona ake barin ta.

Da hantsi ne. Na kifa turmi na hau, ina shanya yankakken tumatir a saman rumfa don kauɗa. Daga nan ana hango bayan gida har hanyar mota. Na hango su su biyu a bakin kwalbati, sun tsuguna, sun ba gabas baya, inda ruwa ke fitowa, shi da gwangwaninsa na madara da yake tara kifi a ciki. Na ce a raina yau ba ranar ruwa ba ce. Na ci gaba da shanya.

Balbelu na fara gani. Suna tashi suna sauka a bakin hanyar ruwan, suna matsowa kaɗan-kaɗan. Na san wannan tafiyar tasu. Haka suke bin goshin ruwa, suna cafke ƙwarin da ya koro. Sannan na ga ruwan kansa, ja, yana turo kara da kumfa a gabansa, ba ƙara ba komai.

Na ce, "Kai! Kai yaro!"

Ba su juyo ba. A wurin nan yini ake ana cewa "kai", a ce wa jaki, a ce wa akuyar da ta shiga tumatir. Kunnen yara ya saba.

Sai na kira sunan. Ban shirya ba, ban zaɓa ba, shi ne ya fito, wanda nake kiransa da shi a ciki. Na kira shi da muryar da ban san ina da ita ba, har mutanen da ke cikin alkama suka miƙe tsaye.

Ya ji. Na ga ya ɗago kai. Ya taɓa kafaɗar yarinyar, ya nuna mata gida da hannu, irin ana kiranki. Ta miƙe ta haye gaɓa da rarrafe tana cewa "Na'am!" Shi kuma ya mai da kai kan gwangwaninsa.

Ban san yadda na sauka daga turmin ba. Na keta danga, ba mayafi ba takalmi, na bi ta cikin tumatir ina tattakewa, ina kira, ina kira. Duk kiran da na yi yarinyar ce ke amsawa. Ruwan ba shi da yawa, wallahi ba zai kai wa babba cinya ba. Amma a bakin kwalbati yake taruwa ya matse, ya ja. Da na iso babu kowa a ƙasa. Yarinyar tana tsaye a kan gaɓa, yashi a gwiwoyinta, tana kallona tana cewa, "Ga ni. Ga ni."

A wancan gefen hanya maza suka ciro shi, inda ciyawa ta tare. Ubansa ne ya ɗauko shi a kafaɗa, yana tafe yana cewa "Babana, Babana," a hankali, kamar kada ya tashe shi. Kafin la'asar an kai shi. A wajen sallah liman ya ambaci sunan, aka ce mini. Ban ji ba, ina ɗaki.

Ko a makoki uwar ɗan fari ba ta sakin kuka. Na zauna a lungu, mata suna shigowa suna cewa in yi haƙuri, kwana ne ya ƙare, Allah ya sa mai ceto ne. Ina amsawa. Ina kuma jin na bakin ƙofa suna magana ƙasa-ƙasa. "An ce sunan ta kama, a fili, maza na ji." "Da gudu fa, kai ba ɗankwali." Mai buɗe ruwa ya zo gaisuwa, ya tsaya a zaure ya kasa shigowa ya kasa tafiya. Maigida bai ƙara yi mini maganar fargaba ba. Bai ƙara yi mini maganar komai ba, na wani lokaci. Alkamar ta yi kyau a shekarar. Ban iya cin ta ba.

Ina jiran Inna ta yi mini faɗan sunan. Ba ta yi ba. Bayan an share makoki ta same ni ina tsince wake, ta zauna kusa da ni ta ja faifan gabanta. Can ta ce, "Na ji ki ran nan." Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ni ma na buɗe baki. Bai fito ba." Muka ci gaba da tsintar wake.

Abin da ban zata ba shi ne shirun da ya biyo baya. Maƙwabciyata ta daina kiran 'yarta. Ta toshe ramin danga da sabon kara. In tana neman yarinyar sai in ji ta ce "ke", ƙasa-ƙasa, ko ta tafa hannu, ko ta taka ta je ta kamo ta. Matar da muryarta ke kaiwa hanyar mota ta koma magana kamar mai ciwon haƙori. Don ni take yi, na sani. Ta kawo mini gwate ta ajiye a bakin ƙofa ta juya ba ta bari mun haɗa ido ba.

Sai ya zama sunan ya ɓace gaba ɗaya. Mai shi na farko yana ƙasa, na biyu yana ƙasa, wadda ta rage kuma an daina kiranta. Nakan farka da safe in kasa kunne wajen danga, in ji tsintsiya, in ji kwano, in ji "ke". Kuma ranar ruwa ba ta fasa zuwa ba. Ina jin yarinyar tana wasa ita kaɗai a bayan gidansu. Ina cewa a raina, wannan ma so ake a koya mata ta manta.

Ran nan da safe na je na cire sabon karan da hannuna. Tana wanke-wanke, ta ɗago.

Na ce, "Maƙwabciya, ki kira 'yarki."

Ta ce, "Tana nan kusa, ba sai na kira ba."

"Ki kira ta da sunanta. Yadda kike yi da."

Idonta ya ciko. "Ba zan iya ba, 'yar'uwa. Kina ji fa."

"Don in ji nake so. Kuma kada ki bari kunnenta ya saba da 'ke'. Ruwan nan bai tafi ko'ina ba."

Ta girgiza kai.

Yarinyar tana can gindin zogale, ta ba mu baya, tana zuba ƙasa a murfin kwano. Na waiwaya. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, tana kallonmu. Na tsaya ina jiran ta ce wani abu.

Ta ce, "Me kike kallona? Ai liman ya faɗa. Wannan yarensu ne, ba na Malam ba ne."

Sai na juya na kira. Ba da ƙarfi ba. Bakina ya yi nauyi a farkonsa, ƙarshen ya fita da kansa.

Yarinyar ta juyo. "Na'am?"

Na ce ta zo. Ta zo ta tsaya a gabana da ƙasa a hannu, tana jiran aike. Ba ni da aiken da zan ba ta. Na kakkaɓe mata hannu, na ce ta je ta ci gaba da wasa, amma ban da bayan gida.

Daga ranar nakan kira ta, uwarta ma ta dawo da kira, ko da yake muryar ba ta koma kamar da ba. Inna tana gyara mayafi. Da aka mai da mijin maƙwabciyata aiki wajen Kadawa suka kwashe kaya a bayan tarakta. Yarinyar tana zaune a kan katifa, na kira ta daga bakin zaure, ta amsa, na sake kira, ta amsa, har ƙarar injin ta rufe.

Na haifi wasu bayan haka. Su ba 'ya'yan fari ba ne, babu mai hana ni. Tun suna zanen goyo nake kiran sunayensu a kunne, in suka fara tafiya in kira daga ɗaki, in kira daga kan turmi, ba don komai ba sai don in ga sun juyo. Matan unguwa suna cewa zan cinye wa yara suna tun ba su girma ba. In yaro bai juyo ba nakan ajiye abin da ke hannuna, in je in kama fuskarsa, in sake faɗa masa.